Tsuntsun Baba Yana Yanbu

Laraba, 8 ga Janairu, bayan La'asar

"Duniya duk tana kuka ta samu ta shigo garin nan, ke kuma kina neman hanyar fitar da shi."

Yaya Abdulmajid ke nan, a tsaye a ƙofar kicin ɗin gidan Baba, makullin mota a hannu kamar mai shirin tafiya, alhali tun ɗazu yake shirin. Ni ina wanke kofunan shayi. Na ce masa ban nemi komai ba, saƙo ne ya shigo wayata na karanta. Ya ce me ya sa na karanta da ƙarfi. Tambayar ta yi kyau, na ci gaba da wanke-wankena.

Saƙon daga Asma ne, ƙawata da ke aiki a kantin magani a Yanbu, wadda muke kallon tsuntsaye tare. Ta ga nauras, farin tsuntsun nan na teku, a tashar masunta. Ba irin waɗanda suka cika bakin teku suna faɗa kan kayan cikin kifi ba, babban nan ne mai zuwa daga tafkunan arewa mai nisa, wanda kansa ke yin baƙi ƙirin idan sanyi ya kusa fita. Ba kowace shekara yake sauka ta wannan gefen ba. Baba ya tsufa yana zuwa Yanbu duk lokacin ɗari saboda shi, bai taɓa sa shi a ido ba.

Ina cikin karantawa Baba ya buɗe ido. Tun da aka sallamo shi daga mustashfa, wato asibiti, bai nemi komai ba, ko ruwa sai an tuna masa. Ya ce, "Khalida, motarki lafiya take?"

Iyakar abin da ya faru ke nan. Sauran duk Yaya ne.

Hujjarsa ɗaya ce, kuma na san ta tun ina yarinya. Wanda Allah ya zaunar a Madina, idan ƙarfinsa ya fara ja baya, ba ya ƙetare haddin harami. Yana zama a ciki, don in kira ya zo ya same shi a ciki, a sallace shi a Masallaci, a kai shi Baƙi'a. Tsofaffin unguwarmu ta Bani Harisa ko bikin jika a Jidda ba sa zuwa. Yaya ya ce Yanbu ba nan kusa ba ce, kuma likita bai faɗi abu mai daɗi ba.

Na tuna masa cewa Baba ya yi shekara talatin yana fita haddin nan kullum da safe. Filin jirgi a waje yake, shi ya sa ma aka iya ɗaukarsa aikin korar tsuntsaye daga titin jirage, tunda a ciki ba a tayar da su. Ba wanda ya tare masa ƙofa a lokacin. Yaya ya ce a lokacin yana hawa bene da ƙafarsa.

Ya yi gaskiya. Ba na son ranar da Yaya ya yi gaskiya, fuskarsa ba ta iya ɗauka ba.

Alhamis, 9 ga Janairu, da safe

Baba ya sa an sauko masa da darbil ɗinsa na hangen nesa daga saman sif. Ya goge gilasan da bakin riga, ya ɗora a ido, ya daɗe yana kallon tankin ruwan maƙwabta.

Asabar, 11 ga Janairu, bayan Magariba

Na je ni kaɗai, don in tabbatar akwai abin da ake rigima a kansa.

Na fita bayan sallar Asuba, na karya da gurasar tamis da waken ful a wajen Badar. Tun ina 'yar firamare nake bin hanyar nan, da a cikin tsohuwar a-kori-kurar Baba, yau ni ke riƙe da sitiyari. Yaya sau ɗaya ya taɓa bin mu, ya yi amai, ya ce warin kifi ne, aka daina tashinsa. Ni aka ci gaba da tayarwa. Ba na faɗin haka a gabansa, amma yana gani a tafiyata.

Yanbu akwai iska. Na tarar da Asma tana kokawa da abayarta da madubin nesa mai ƙafa uku, kyanwoyi sun kewaye ta suna zaton kifi ta kawo. Akwai wasu maza uku daga Jidda da kyamarori masu tsawon taɓarya. Ɗayansu ya ga mace da darbil, tausayi ya kama shi, ya zo yana koya mini yadda ake riƙe shi. Na bar shi ya gama, na yi masa godiya, sannan na gaya masa tsuntsun da yake ta ɗauka tun safe ƙyanƙyasar bara ne na irin gama-gari, akwai 'yan uwansa da yawa a bayan juji idan yana so. Asma ta juya baya tana tari.

Mun tsaya har rana ta take. Namu bai zo ba.

Da na dawo Baba ya yi mini tambayoyi kamar a ofishin 'yan sanda. Ruwa ya cika ko ya janye, iska daga ina take, na duba tudun yashin da ke bayan kwale-kwale ko kuwa. Na amsa duka. Ya ce ban yi kuskure ba, tsuntsun ne ba shi da ladabi. Goggo Hajo, yayarsa da ta tare a gidan tun kwanciyarsa, ta ce ita a iya saninta mace tana zuwa bakin teku ta dawo da kifi.

Ya sha kunu rabin kofi. Goggo ta ce kununta ne ya yi daɗi. Na bar mata.

Litinin, 13 ga Janairu, da azahar

Dakta Jumare ya zo duba shi. Mutumin Zariya ne, yana aiki a nan shekaru kaɗan, kuma idan ya buɗe baki da Hausa har Goggo gyara zama take yi, don tamu ta sha Larabci ta ƙoshi. Wafa matar Yaya tana jin duk abin da yake faɗa, tana amsa masa da "ɗayyib, ɗayyib", shi kuma yana ce mata madalla.

Na bi shi har bakin mota na tambaye shi ko hanya za ta cutar da Baba. Ya ce, "Malama, hanya ba za ta ƙara masa ba, zaman ma ba zai rage masa ba." Ya faɗi wani abu kuma game da watan azumi. Ba zan rubuta shi ba.

Na isar wa Yaya rabin farko. Ya ce ai shi ba likita ya tambaya ba.

Talata, 14 ga Janairu

Na koyar da aji biyu. Ban san abin da na faɗa musu ba, amma sun rubuta.

Alhamis, 16 ga Janairu, bayan La'asar

Goggo ta tsare ni a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta fara da cewa 'yar nan zauna, na san labarin Inna Tasallah ne zai fito.

Kakarsu ce ita da Baba. Ta taso daga ƙasar Haɗeja da mijinta a ƙafa, suna tafe suna yada zango, su yi noman auduga a Sudan har su samu guzuri su ƙara gaba. Ta haifi 'ya'ya a hanya, ta binne wasu a hanya. Suka haye teku, suka sauka Yanbu, zazzaɓi ya kama ta. Ana ɗaura wa raƙuma kaya za a nufo Madina ta cika. Duk lokacin da Goggo ta ba da labarin nan shekarun tafiyar sai sun ƙaru, amma ƙarshensa bai taɓa canzawa ba.

Ta ce, "Mun riga mun bar mutum ɗaya a Yanbu, Khalida. Ba za mu biya su sau biyu ba."

Na so in ce wani abu mai kaifi, ina da shi ma a bakina. Sai na ga wuri ɗaya take tsincewa a cikin shinkafar tun ɗazu. Na karɓi farantin na ƙarasa mata.

Da yamma na kawo shawarar Baba ya koma shaggata, sashen da nake zaune a wani bene a Jurf, tunda ginin yana da lif kuma rana tana shiga ɗakin. Yaya ya ce a'a, an ce wani ɓangaren Jurf ma a wajen haddi yake. Ashe shekara shida a waje nake kwana, ba wanda ya damu ya gaya mini.

Asabar, 18 ga Janairu, bayan Isha'i

Yanbu kuma.

Da hantsi ruwa ya janye, sai ga wani nauras a can ƙarshen tudun yashi, ya fi duk na kusa da shi girma, yana tsaye kamar mudir, shugaban ofis, a cikin masu neman aiki. Goshinsa a kwance, akwai duhu a bayan idonsa. Asma ta kama hannuna ta ce shi ne. Mutanen Jidda suka hau ɗauka, har ɗayansu ya tura wa zauren masu kallon tsuntsaye a waya cewa an gama, an gani. Zafin rana ya sa iska tana rawa a cikin madubi. Kafin ta lafa wani kwale-kwale ya wuce, duk suka tashi, suka yi cikin teku.

Ƙa'idar Baba ita ce ba a cewa an ga tsuntsu sai an ga bakinsa da ƙafarsa. Ban ga ko ɗaya ba. Asma ta ce ni da taurin kai, ita ta gan shi kusa da kusa a makon jiya, ta san tsayuwarsa. Na ce ita ta gani.

A hanyar dawowa na yi ta juya abin. Da na shiga na ce masa na gani, wa zai ƙaryata ni? Zai yi murmushi, Yaya zai samu barci, Goggo za ta yi sadaka. Na shiga na ce masa na ga wani abu babba daga nesa, ba zan rantse ba.

Ya kalle ni ya ce, "'Yata ce."

Wannan zan ajiye. Yaya yana ɗakin, ya ji.

Na nuna masa hoton da Asma ta ɗauka wancan makon. Ya karɓi wayar ya mayar mini ba tare da ya sa tabarau ba. Ya ce hoto na mai shi ne.

Lahadi, 19 ga Janairu

Bai ci komai ba yau.

Litinin, 20 ga Janairu

Cokali uku. Goggo ta ce huɗu.

Juma'a, 24 ga Janairu, bayan La'asar

Na je Masallaci. Bayan sallama aka kira sallar gawa, muka tashi muka yi, kamar kullum. Da na fito na tsaya ina kallon maza suna sauri da makara a kafaɗa, wannan ya karɓa wancan ya saki, har suka haura suka shige Baƙi'a. Mu mata muka tsaya inda muke tsayawa, a bakin shinge, tare da tantabaru.

Umma tana ciki shekara goma sha ɗaya. Ban taɓa ganin wurin ba. Babu suna a kan kowa, dutse ne da ƙasa. Na taɓa tambayar Yaya ya ce ta wajen gabas take, daga baya ya ce yana jin ta ɗan yi arewa. Ban ga laifinsa ba, kuma ban ga laifin tsarin ba, ya fi mini kyau a kan kaburbura masu ado. Ina dai rubuta abin da yake. Wurin da ake ta faɗa a kansa, su za su shiga su fito. Ni abin da na sani na Baba shi ne wani dutse a bayan tashar masunta, inda yake zama ya zuba mini shayi a murfin fulas ya ce in yi shiru.

Ban gaya wa kowa wannan ba. Hujja ce mai rauni, ta mai son kanta, kuma ba na kawo hujja mai rauni gaban Yaya.

Laraba, 29 ga Janairu, bayan Magariba

Kwana da kwanaki Baba yana ce wa Yaya to, yana ce mini shirya. Na zaci tsufa ne. Ashe ƙarfi yake tarawa.

Yau ya sa aka tayar da shi zaune, aka kira kowa, har Wafa da ke kicin. Ya ce ranar Asabar zai je Yanbu, Khalida za ta kai shi, za su dawo kafin La'asar. Yaya ya fara magana da Larabci, kamar yadda yake yi idan yana so maganarsa ta yi nauyi. Baba ya bar shi ya kai ƙarshe, sannan ya amsa masa da Hausa.

"Abdulmajid, na gode. Ka iya duk abin da na koya maka. Amma izini ban nema ba, labari nake ba ka."

Goggo ta ja mayafi ta rufe fuska. Yaya ya tsaya yana kallon kafet, can ya ce to zai biyo mu a baya da tasa motar. Baba ya ce titin na hukuma ne.

Na san bai dace in ji daɗin da na ji ba a ɗakin mara lafiya. Na ji shi duk da haka, tun daga tafin ƙafata. Na fita na duba tayoyin mota, alhali lafiyarsu lau.

Alhamis, 30 ga Janairu

Tulun oksijin biyu, kujera mai taya, bargo, matashi, magungunan rana. Dakta Jumare ya ba ni lambar wani abokinsa a Yanbu, bai ce don me ba.

Asabar, 1 ga Fabrairu, da yamma

Zan rubuta shi yadda ya faru, ba ƙari.

Ya sa farar riga da tsohuwar jaket ɗinsa ta filin jirgi mai ratsin ɗorawa. Ta yi masa yawa yanzu, kamar ya aro. Yaya ya ɗauko shi ya sa a gaba, ya gyara masa bel, ya koma motarsa ba tare da ya kalle ni ba. Goggo ba ta fito ba, amma na tarar da fulas na shayi a kujerar baya, kuma ba ni na ajiye ba.

Gari yana wayewa muka hau hanya. Baba yana cikin raha. Ya nuna mini shirwa a kan falwaya ya ce wannan ya san kakanta, sun sha fama a titin jirgi. Ya ce tuƙina ya fi na Abdulmajid, kada in gaya masa. Na ce zan rubuta a allo in rataye. Ya yi dariya har sai da na ƙara masa iska.

Muka wuce gidan mai na ƙarshe. Can gaba allon ya bayyana, wanda aka rubuta ƙarshen haddin harami. Na sha wuce shi ina gyara rediyo. Saura kaɗan mu kai ya ce, "Tsaya."

Na sauka gefen titi. Na zaci numfashi ne, na kai hannu ga tulun, ya ture hannuna. Ya ɗaga darbil ya kalli allon da shi, allon da ko makaho zai iya karantawa daga nan. Manyan motoci suna wucewa suna girgiza mu. Ta madubi ina ganin Yaya ya tsaya a bayanmu, bai fito ba.

Ya ce, "Shekara talatin ina wuce irinsa, ban taɓa karantawa ba."

Ya sauke darbil ɗin.

"Ba Abdulmajid ba ne, ba Hajo ba ce. Ni ne. Ƙirjina ya ƙi, Khalida. Mayar da ni."

Ina da amsoshi. Ina da maganar likita, ina da lissafin hanya, ina da cewa Allah ya san mutanen Madina ko a ina ya same su. Na duba fuskarsa na ga duk ya san su, shi ya koya mini rabinsu. Na ce, "To, Baba."

Sai matsala ta taso wadda ba wanda ya yi tunaninta. Titin mai raba hannu ne, kuma wurin juyawa yana gaba da allon. In za a koma, sai an fita tukuna. Na sauka na je na gaya wa Yaya ta taga. Na jira ya ce ai ya faɗa. Bai ce ba, kuma wannan na fi jin haushi. Ya leƙa gaba, ya waiga baya, ya ce gidan man da muka wuce yana da hanyar da ke bi ta ƙarƙashin gada. Ya kunna fitilun gargaɗi ya fara ja da baya a gefen titi, ni ina bin sa da baya.

Haka muka koma, motoci biyu suna tafiya da ƙeya kamar ƙadangaru masu kunya, direbobin tirela suna danna mana oda. Baba ya rufe ido yana motsa leɓe. Ban taɓa layin ba ko sau ɗaya, ban taɓa tsakuwa ba. A rayuwata ban yi ribas mai kyau irin wannan ba, kuma wanda ya koya mini bai buɗe ido ya gani ba.

Mun sha shayin Goggo a gidan mai, mu uku, a cikin motata. Yaya ya ce sukari ya yi yawa.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Ban je gidan ba. Ina da jarrabawa da zan duba.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Har yanzu ina da jarrabawa.

Laraba, 5 ga Fabrairu, bayan La'asar

Na je. Na tarar da 'yan dubiya, tsofaffin abokan aikinsa da maƙwabta. Labari ya riga ya zaga unguwa, kuma Goggo ta shirya wanda za a faɗa, wai mota ce ta ba da matsala. Motata. Tana cikin faɗa wa wani dattijo haka Baba ya ɗaga hannu daga kan gado.

Ya ce motar Khalida ba abin da ya same ta. Shi ne ya je har gaban allo ya ji tsoro ya dawo. Ya faɗa a fili, a gaban maza sa'anninsa, kamar mai faɗin farashin tumatir. Dattijon ya ce ai wannan ba tsoro ba ne, imani ne. Baba ya ce shi yana cikin motar, ya san wanda ya ji.

Na zo da fushina a ɗaure tsaf, na kwana uku ina gyara shi. Na rasa inda zan ajiye. Na san masu digiri da yawa, na zauna da su a taro, ban ga wanda zai iya faɗin haka a kan kansa ba ana ba shi mafita kyauta. Na shiga kicin na wanke kofunan da aka riga aka wanke.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Ban je Yanbu ba. Asma ta kira, ban ɗauka ba.

Talata, 11 ga Fabrairu, da safe

An daina maganar cokali. Yanzu auduga ake jiƙawa a shafa masa a leɓe. Na ɗauki hutu daga jami'a. Yaya ma ya daina zuwa aiki, muna karo a baranda muna ba juna hanya da ladabi kamar baƙi a otal.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Asma ta turo hoto. Kan tsuntsun ya yi baƙi gaba ɗaya, fari ya kewaye idon, yana tsaye a kan dutsen tashar masunta kusa da mutane. Ta ce in ya kai haka ba ya daɗewa. Na karanta a zuci wannan karon.

Juma'a, 14 ga Fabrairu, bayan Magariba

Dakta Jumare ya zo ya tafi da wuri. A ƙofa ya ce wa Yaya kowa ya kasance a kusa.

Goggo tana karatu a gefen gado. Ina zaune ina riƙe da hannunsa, na zaci barci yake. Ya ce, ba tare da ya buɗe ido ba, "Ya yi baƙi?"

Ban tambaye shi yadda ya sani ba, watan ya sani. Na ce ya yi.

"To me kike yi a nan?"

Na ce mako mai zuwa zan je. Ya matse yatsuna, ɗan abin da ya rage masa na ƙarfi. Ya ce ban yi masa ƙarya a kan tsuntsu ba, kada in fara yanzu. Ya huta. Ya ce shi ya zaɓi nasa a gaban allo, kuma bai yi nadama ba, amma gidan nan har yau ba wanda ya ga tsuntsun. Ya ce gobe in je, in bar kyamara a gida, in zauna in kalle shi har ya gundure ni.

Goggo ta tsayar da karatu ta ce wa Baba, Tahir, ka ji abin da likita ya ce. Ya ce ya ji, shi ya sa ya ce gobe.

A baranda Yaya ya tare ni, murya ƙasa ƙasa. Ya ce na san garin nan ba a ajiye mutum ya jira kowa. Na ce na sani. Sallar jana'izar wataƙila in riske ta in hanya ta yi kyau. Abin da ke gabanta ne ba zan riska ba, kuma shi ma ya san shi nake nufi. Ya ce ba dole ba ne in bi maganar mara lafiya, ba wanda zai zarge ni. Na ce masa mutum biyu ya haifa, ɗaya ya ba shi ɗakin, ɗaya ya aike shi.

Ban san ko na yarda da abin da na faɗa ba. Ya dai fito da kyau.

Asabar, 15 ga Fabrairu, da hantsi, a gidan mai kusa da Badar

Na tsaya shan shayi, hannuna yana buƙatar abin yi.

Bayan Asuba na shiga ɗakinsa. Yana numfashi a hankali, da tazara. Na durƙusa na ce masa Baba zan tafi. Bai buɗe ido ba, amma girarsa ta ɗaga, yadda yake yi a bakin teku idan na yi surutu tsuntsu na kusa. Na sumbaci goshinsa. Goggo tana kan darduma ta ba ni baya. Har na kai ƙofar ɗaki ta ce, ba tare da ta juyo ba, in ɗauki mayafi mai kauri, garin can iskarsa ba ta da mutunci.

Yaya ya rako ni har ƙofar gida, babu takalmi a ƙafarsa. Na jira wa'azi. Ya tsaya yana riƙe da ƙyauren, yana kallon motata kamar yau ya fara ganinta.

Ya ce, "In kika ga kirana kina tuƙi, kada ki ɗauka. Ki sauka gefe, ki kashe mota, sannan ki kira ni."

Na ce to, Yaya.

Ya tura ƙofar a hankali don kada ta yi ƙara, na ji ya sa sakata. Na tayar da mota.